Furen Hannun Hagu

Shafi na 23

Masu cika min waya da "ina sauran, ina sauran", ga shi nan, ku bar ni in sha ruwa. Ke kuma da kika rubuto cewa Mai-fure ta cika tsoro, ina so in gan ki da miji a kwance, yara biyu a tsaye, mai gidan haya a bakin ƙofa, sannan mu zauna mu yi maganar jarumta.

Waɗanda yau suka shigo, ga inda muke. Mai-fure tana aikin ado a gidan kek ɗin Madam, safe zuwa yamma. Tun da mijinta direba ya yi haɗari bayansa ya taɓu, albashi ya daina kai su ƙarshen wata, sai ta fara yin kek a gida a ɓoye, mijin yana amsa saƙonnin masu saye daga kan katifa. Dokar Madam kuwa ɗaya ce, duk wanda aka kama yana kek a waje ranar zai tafi. In Mai-fure ta tafi, katin asibitin ma'aikata ya tafi da ita, kuma da katin nan ake jiran a yi wa mijinta aiki a baya.

*

Da ƙafa Madam ta turo ƙofar ɗakin ado, don hannayenta biyu suna riƙe da faranti an rufe shi da leda.

"Ku kashe injin nan."

Aka kashe.

"A kira min masu gashi na wajen obin. Kowa ya zo."

Mai-fure tana tsaka da shafe gefen wani kek. Ta ajiye wuƙar shafi, ta goge hannu a rigar aiki. Madam ba ta shigowa ɗakin ado da takalmin fita da jaka a kafaɗa sai in da magana, wannan kowa ya sani.

Aka taru. Madam ta ɗora farantin a tsakiyar tebur, ta yaye ledar.

Rabin kek ne. Farin kirim, furanni ruwan hoda a jere a gefe, ɗaya wuƙa ta raba shi biyu.

Mai-fure ta ƙura masa ido.

Ta san kek ɗin kamar yadda ta san fuskar 'yarta. Ita ta yi shi da asubar Asabar, a kan teburin guga, ƙaramar 'yarta Auta tana riƙe da zaninta tana kukan a ba ta ta lasa.

Madam ta ce, "Jiya na je taron zagayowar haihuwar 'yar ƙawata. Shekara da shekaru a nan take sayen kek, bana ba ta saya ba. Na ce ko ba za a yanka ba ne. Ina zaune aka fito da wannan."

Ba wanda ya motsa.

"Wai a waya ta gani. Shafi ba suna, ba adireshi, ba a ɗaukar kira sai saƙo, mai babur ne yake kawowa. Ta ce min, 'Ƙawata ɗanɗana ki ji, kamar naki sak, kuma ya fi sauƙi.' A gaban mutane ta faɗa min haka."

Ta ɗaga ɗan yatsa.

"Na ɗanɗana. Ba kamar nawa ba ne. Nawa ne. Ɓawon lemun da nake sa a goga a ƙullu, da madarar da ake dafawa a bar ta ta huce kafin a zuba. Ba mai sanin wannan sai wanda ya tsaya a kicin ɗina."

Ta bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya, har idonta ya tsaya.

"Mai-fure, zo nan."

Ƙafafunta ne suka kai ta, ita dai ba ta san ta taka ba.

"Ke ce gwanar fure a gidan nan. Ɗauki leda ki matsa min ɗaya a bakin farantin."

Ta ɗauki ledar kirim da hannun dama, kamar kullum. Ta matsa, ta juya, ta ɗaga. Fure ya fito tsaf.

"Yauwa. Ku matso ku gani. Nata ta nan ya nannaɗe. Na jikin kek ɗin ta can ya nannaɗe. Duk wanda ya riƙe leda da dama, haka furensa yake juyawa, ko ya so ko bai so ba. Wannan kuwa hannun hagu ne ya yi shi."

Sai ga kawuna suna juyawa a hankali, duk wuri ɗaya.

Anti tana tsaye a bakin ƙofa, tsumman ɗaukar tire a hannunta, gari har a girarta. Dattijuwa ce, ta fi kowa daɗewa a gidan, kuma kowa ya san bahaguwa ce. Da can ita ce mai ado. Ranar da Madam ta sa gilashi don masu saye su riƙa kallon yadda ake aiki, wasu suka fara ƙorafin ana taɓa musu abin ci da hagu, sai aka mai da ita wajen obin inda ba mai ganinta. Ita take kwaɓa ƙullu, ita take gashi.

Abin da ba wanda ya sani a gidan shi ne, Mai-fure ma da hagu aka haife ta. Ludayin kakarta ne ya koya mata dama tun tana ƙarama. A satin da ta zo neman aiki ta tarar an kori Anti daga gaban gilashi, sai ta kama kanta, ta ɓoye hagunta kamar abin sata. Amma a gida, in lokaci ya ƙure, ga yara za su makaranta, ga miji yana jiran a juya shi, wa yake da lokacin lallaɓa dama? Da hagu take yi, don shi ne mai sauri. Ko sau ɗaya bai taɓa zo mata a rai ba cewa fure zai nuna hannun da ya yi shi.

Anti dariya ta fara yi, don ta ɗauka wasa ne.

"Ni, Madam? Ni da ko risho mai lafiya ba ni da shi a ɗaki?"

"Ke kika san haɗin ƙulluna. Ke ce bahaguwa. Nuna min wata."

Dariyar ta tsaya.

"Rabona da riƙe ledar kirim tun da kika sa gilashin nan."

"A nan ba. A gida fa?"

"Madam, ki ji tsoron Allah."

"Shi nake ji, shi ya sa ban kira miki 'yan sanda ba. Ki je ki gama gashin yau, kada ƙullu ya lalace min. Kafin a tashi ki same ni a ofis. In kin faɗi gaskiya, ki tafi salin alin. In kin ƙi, hotonki zai shiga gurup ɗinmu na waya na masu gidajen kek, ko wanke-wanke ba mai sake ɗaukarki."

Ta ɗauki farantinta ta fita.

Mai-fure ta buɗe baki. Wallahi ta buɗe, ni shaida ce. Amma ba abin da ya fito.

*

Ɗakin ajiya ta shige, ta tsuguna a bayan buhunan fulawa. Wayarta tana ta rawa a aljihu tun ɗazu. Mijinta ne.

"Maman Auta, albishirinki."

Rabon da ta ji muryarsa haka tun kafin haɗarin.

"Kina jina? Asibiti sun kira. Wani ya fasa, sun ba ni gurbinsa. Gobe in je a ba ni gado, jibi a shiga da ni."

Ta toshe bakinta da hannu.

"Abu ɗaya ya rage. Za su kira wurin aikinku yau kafin a tashi, su tabbatar har yanzu kina nan. Ki yi wa Madam magana ta ɗauka, kin san ta da baƙuwar lamba."

"Baban Auta."

"Na'am."

"Kashe wayar kek ɗin nan."

"In kashe? Ga mutum biyu suna jiran amsa, ɗaya ma mai hawa biyu take so."

"Ka kashe na ce. Cire layin ma."

Can ya ce, "Me ya faru?"

Ta faɗa masa, a guntule, tana leƙen ƙofa.

"Sun gane ke ce?"

"A'a."

Ta ji ajiyar zuciyarsa har cikin kunnenta.

"Anti suka kama."

"Wace Anti? Wadda ta zo duba ni ta wanke wa yaran nan kaya?"

"Ita."

Ta duba wayar ko kiran ya katse.

"Baban Auta, ka ce wani abu."

"Me zan ce?"

"Ka ce in yi magana, ko ka ce in yi shiru. Ni kaina ya tsaya."

"Ba zan ce ki bari a zalunci baiwar Allah ba."

"To in je in faɗa?"

"Ban ce ba."

Muryarsa ta karye.

"Ɗazu Auta ta faɗi a gabana, ta fasa leɓe. Taku biyu tsakanina da ita. Na yunƙura, na yunƙura, na kasa. Ina kallo tana miƙo min hannu, sai maƙwabciya ce ta jiyo kuka ta shigo ta ɗauke ta. Kin ji abin da likita ya ce wancan zuwan, in aka ƙara jan lokaci ƙafafun za su iya tafiya gaba ɗaya."

"Na ji."

"Ni na ja miki. Da ina kan ƙafata, me zai kai ki yin kek a teburin guga?"

"Kada ka fara."

"Jibi ne kawai, Maman Auta. Ban ce komai ba. Na dai ce jibi ne."

Ya kashe.

Ta kifa kai a jikin buhu ta yi kuka mara sauti, irin wanda yake sa haƙarƙari ciwo. Tsoro take ji, da kunya, da haushin kanta, duk a haɗe.

"Fito daga bayan buhunan nan, za ki ɓata rigarki."

Anti ce. Ta turo ƙofa ta jingina da ita.

Mai-fure ta miƙe tana goge ido. "Anti, sannu. Wallahi abin nan bai yi min daɗi ba, ni na san ba za ki..."

"Ke, bari."

Anti ta ci gaba.

"Tun satin da kika fara aiki na sani. Kwano ya suɓuto daga kanta, da hagu kika cafe. Igiyar rigar aikinki ma irin ɗaurina kike yi mata. Kina tsammanin zan ga 'yar'uwata in kasa gane ta?"

Mai-fure ta durƙusa.

"Anti, ki rufa min asiri."

"Na rufa shekara nawa? Kin taɓa ji a bakin wani?"

"Jibi za a yi masa aikin. Yanzu ya kira ni. Yau asibiti za su kira Madam su tambaya ko ina nan. In ta ce ba na nan, shi ke nan, an ba wani gadon. Ki ara min kwana biyu, Anti. Ana fito da shi, da ƙafata zan je in faɗa mata."

"Kwana biyu."

"Biyu kawai."

"Kin taɓa ganin Madam ta kori mutum a gaban jama'a ta dawo da shi?"

Ba ta taɓa gani ba.

"In hoton nan ya shiga gurup, wa zai bi waya-waya yana gogewa? Ke?"

"Zan riƙa ba ki rabin albashina. Duk abin da na samu a kek ɗin gida ma..."

"Wane kek ɗin gida? Wanda ya mutu yau da safe?"

Anti ta zauna a kan buhu, ta miƙe ƙafafu. Sun kumbura, kamar kullum in ta yini a tsaye.

"Jikoki uku ne a ɗakina. Uwarsu tana ƙasa, ubansu ko lambarsa ba ni da ita. A shekaruna wa zai ɗauke ni? Da sunan kirki ma sai an yi da gaske, balle da sunan ɓarauniyar haɗi."

"Anti, na shiga uku."

"Mun shiga dai."

Ta daɗe tana kallonta. Babu zafi a idon, kuma rashin zafin ne ya fi yi wa Mai-fure ciwo. Da zaginta ta yi da ta samu sauƙi.

"Ji nan, 'yata. Ba zan kama sunanki ba. Na ga mijinki, na ga yadda kike ɗaga shi. Bakina ba zai iya ba. Amma ba zan ce ni ce ba, don ban yi ba, kuma ban saba ba. Abin da ya rage naki ne."

Ta dafa gwiwa ta miƙe. Har ta kama ƙofa ta juyo.

"Furen kuwa ya yi kyau, ja'ira. Ya fi wanda kike yi mata a nan."

*

Yinin nan ya ƙi tafiya.

Mai-fure ta ɓata kek biyu. Ta rubuta gaisuwar wani a kan na wani, sai da aka kankare aka sake. Duk wayar da ta yi ƙara a gidan sai ta ɗaga kai. 'Yan ɗakin ado kuwa baki ya buɗe, waɗanda jiya suke cin ɓawon kek a hannun Anti yau su ne masu cewa dama sun daɗe suna zarginta. Mutane ke nan.

Bayan azahar ta yi ƙarfin hali ta ƙwanƙwasa ofis.

"Madam, asibiti za su kira ki a kan maganar maigidana. Sun sa jibi."

Fuskar Madam ta saki. "Kai, madalla. Allah ya sa a yi a sa'a. Ba su kira ba tukuna, in sun kira zan ɗauka."

"Na gode."

"Ki ɗauki kwana uku ki zauna da shi. Ke kam ba ki taɓa ba ni ciwon kai ba."

Ta fito kamar an watsa mata ruwan zafi.

Lissafinta ɗaya ne, kuma ba zan ɓoye muku ba, lissafin son kai ne. In asibiti suka riga kira, Madam ta ce tana nan, to ko me zai faru daga baya an riga an rubuta sunansa a gado. Sai ta koma roƙon Allah a kan waya. Tana shafa kirim tana cewa ya Allah su kira, ya Allah su kira.

La'asar ta yi, ba su kira ba.

Aka fara wanke kwanuka, ba su kira ba.

Aka kashe obin.

Madam ta leƙo. "Bahaguwa, zo. Mai-fure, ke ma zo ki zama shaida, kada gobe a ce na zalunce ta."

*

Ofis ɗin ƙarami ne, tebur ɗaya, kujera biyu, fanka tana juyi a sama. Rabin kek ɗin yana kan tebur, kusa da shi faranti fari da ledar kirim a cike. Wayar Madam tana gefe, fuskarta a sama. Mai-fure ta zauna inda za ta riƙa ganinta.

Anti ba ta zauna ba.

"Kin yi tunani?"

"Na yi, Madam."

"To?"

"Ba ni ba ce."

Madam ta tura mata farantin. "Matsa min fure."

"Na ce miki na daɗe ban..."

"Matsa."

Anti ta ɗauki ledar da hagu. Yatsun duk tabon ƙuna, sun yi tauri da ɗaukar tire. Ta matsa, hannun ya karkace, kirim ya zubo ta gefe. Abin da ya fito da ƙyar za a kira shi fure.

Madam ta sunkuya ta duba.

"Kin gani? Ta can ya juya. Daidai da na kek ɗin."

"Madam, ki dubi wannan ki dubi wancan. Hannu ɗaya ne ya yi su?"

"Da gangan kika ɓata shi. Ni za ki yi wa wayo?"

"Ko wane bahago a duniya ta can nasa zai juya."

"Amma ba ko wane bahago ne ya san ɓawon lemuna ba."

Madam ta ɗauki waya. Mai-fure ta ɗauka kira ne ya shigo. Ashe hoto za ta ɗauka. Ta ɗaga ta saita fuskar Anti, ta danna.

Anti ta kai hannu baya ta kwance igiyar rigar aikinta. Ta cire, ta karkaɗe garin, ta ninke ta gida huɗu kamar wadda za a ba wa baƙo, ta ajiye a bakin tebur.

"Na yafe aikin. Ki kore ni. Amma kada ki tura hoton nan."

"Sai ki faɗi gaskiya."

"Babban jikana yana koyon aiki a gidan burodi. Maigidansa yana cikin gurup ɗin nan. Gobe da safe za a nuna masa."

"Da kin tuna da shi kafin ki fara."

Madam tana rubutu da babban yatsa, tana karantawa a fili. "A yi hattara da wannan matar. Ta yi shekaru a wurina, ta sace min haɗi tana..."

Mai-fure ta ƙura wa wayar ido. Yanzu, ya Allah. Yanzu su kira.

Madam ta tsaya, ta ɗago.

"Mai-fure, ke kika fi kusa da ita. Har gidanki tana zuwa. Tsakaninki da Allah, ko sau ɗaya ba ta taɓa yi miki maganar kek ɗin gida ba? Ba ki taɓa ganin wata alama ba?"

Fanka tana juyi.

Anti ba ta kalle ta ba. Ta kafe idonta a bango, don kada ma a ce ta kalla.

"Da ke nake."

"Madam, ni..."

"Kada ki ji nauyinta. Faɗi abin da kika sani."

"Ko za a bari zuwa jibi, a ƙara bincike?"

"Binciken me? Ga kek, ga hannu. Ni yau zan gama da maganar nan."

"Gobe ma, Madam. Don Allah. Ko da safe."

"Ke me ya shafe ki da za ki riƙa rawar murya haka?"



Madam ta ja tsaki ta koma kan wayarta. Ta ƙarasa rubutun, ta ɗora hoton, yatsanta ya nufi wurin turawa.

Mai-fure ta ga Auta da fasasshen leɓe. Ta ga mijinta yana yunƙuri a kan katifa. Ta ga ƙafafun Anti a kumbure cikin silifas. Ta miƙe tsaye.

"Kada ki tura."

"Me kika ce?"

Ba ta maimaita ba, don ta san in ta tsaya magana ba za ta iya ba. Ta ja farantin gabanta. Ta ɗauki ledar kirim.

Da hagu.

Anti ta ce, "'Yata..."

Mai-fure ta saita ledar. Ta matsa, ta juya, ta ɗaga, cikin numfashi ɗaya. Ta sake wani kusa da shi. Ta sake na uku. Ta tura farantin har ya taɓa rabin kek ɗin, ta ajiye ledar.

Madam ta dubi na faranti. Ta dubi na kek. Ta sake duban na faranti. Ko makaho ya shafa zai ce uwa ɗaya ta haife su.

A hankali ta ɗago.

"Ke?"

"Ni ce, Madam. Anti ba ta san komai ba."

"Ke da na ba kwana uku ɗazu?"

"Albashin ba ya isa. Haya, makaranta, maganinsa. Ban taɓa ɗaukar ko cokalin sukarinki ba, da kayana nake yi. Ban san ƙawarki ba ce, saƙo kawai muka gani."

"Kika zauna a kujerar nan kina kallo ina tozarta tsohuwa."

"Na yi laifi."

"Tun safe. Da bakinki, da idonki."

Mai-fure ta zube a ƙasa, ta kama ƙafar teburin.

"Ki yi min duk abin da kika ga dama. Ki riƙe albashina, ki sa hotona a gurup, ki mai da ni shara. Ki kore ni ranar da aka fito da shi. Jibi kawai nake roƙo, Madam. Ba don ni ba."

Anti ma ta durƙusa, da ƙyar, tana dafa kujera. "Madam, ni da aka yi wa na yafe. Ki duba mara lafiyar nan."

"Ke tashi, ba da ke nake ba. Ashe ma kin sani kika rufe ni."

Sai wayar ta ɗau ƙara a hannunta.

Baƙuwar lamba.

Su uku suka zuba mata ido. Ta yi ƙara, ta yi ƙara, har ta kusa katsewa. Madam ta danna, ta buɗe muryar yadda kowa zai ji, ta ajiye a kan tebur kusa da furannin.

Muryar mace ce, a gajiye, irin ta wadda take son ta gama ta tafi gida.

"Barka da yamma. Daga asibiti ne, sashen katin ma'aikata. Muna da majinyacin da za a yi wa aikin baya jibi, a kan katin matarsa. Muna so mu tabbatar kafin mu rufe, har yanzu ma'aikaciyarku ce?"

Madam ta dubi Mai-fure.

"Kina jina? Akwai wani a layi in ba haka ba."

Madam ta ɗora tafin hannu a kan wayar. Ta sunkuyo har Mai-fure tana jin numfashinta.

"Ni ban iya ƙarya ba," ta ce a hankali. "Ke da kika iya, faɗa min me zan ce mata."